Mintocin da ke zubewa tsakanin darasi da darasi

Kowace shekara idan watan Oktoba ya kama aka buɗe makarantu, zancen da ke bakin magabata da iyayen yara shi ne yawan azuzuwan da aka gina da yawan malaman da aka aiko. Zance ne mai kyau, don kuwa ba a karatu sai da wurin zama da mai koyarwa. Amma akwai wata asara da ake yi kowace safiya cikin makarantun jahar Maraɗi, wadda ba ta shiga rahoton ƙarshen shekara, da wuya kuma a ji an kira taro saboda ita. Asarar nan ita ce ta mintocin da ke zubewa daga sa'ad da malami ya ce an gama darasi kaza, zuwa sa'ad da yara suka natsu bisa darasin da ke biye. Ga ido abin bai taka kara ya karya ba. Sai an zauna an yi lissafi ake ganin girmansa.

A aji na ɗaya da na biyu, waɗanda ake kira CI da CP, darussa gajeru ne, domin yaro ɗan shekara shida ko bakwai ba ya iya tsai da hankalinsa wuri guda na tsawon lokaci. Minti 15, minti 20, in ya yi yawa minti 30, sai a sauya. Daga koyon magana a koma karatu, daga karatu a koma rubutu, sai lissafi, sai waƙa, sai fita hutun hantsi, sai komowa. Saboda haka a yini guda aji yana iya sauya aiki sau goma ko fiye. To mai karatu ya ɗauki fensir ya lissafa da kansa. A ce sau 8 kawai aka sauya, kowane sauyi ya ci minti 5: minti 40 ke nan a yini. Cikin kwana biyar an sami minti 200, wato awa 3 da minti 20. Cikin mako 30 an sami awa 100 cif. In ana karatun awa 30 a mako, ashe an zubar da karatun mako uku da ɗoriya, alhali malami bai yi fashi ba, yara ba su yi fashi ba, makaranta kuma ba a rufe take ba. Gwamnati ta biya kuɗin waɗannan awoyi. Uba ya haƙura da taimakon ɗansa a gona ko a rumfar kasuwa saboda su, uwa ta haƙura da tallan ɗiyarta. Yaran kuwa ba su sami komi cikinsu ba sai hayaniya.

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin tagar ajin ƙanana ya san yadda mintocin nan suke tafiya. Malami ya ce a ajiye littafin karatu a fito da allo. Rabin aji sun ji, rabi ba su ji ba. Wannan ya rasa allinsa, ya ce na kusa da shi ne ya ɗauke. Wancan allonsa yana ƙarƙashin tabarma, sai an ta da mutum uku kafin ya ciro shi. Yarinya guda ta nemi izinin zuwa shan ruwa, biyar sun tashi sun bi ta. Malami ya juya baya yana share tablo, yana neman shafin da zai kwafa, kafin ya waiwayo aji ya koma kasuwar Maraɗi ranar Litinin. Daga nan sai tsawa, sai bugun tebur, wani lokaci har da bulala. Shirun da ke biyo baya na tsoro ne, yaron da ke cikin tsoro kuwa baƙi ba ya zama a kansa. Kafin zukata su kwanta, rabin lokacin sabon darasin ya wuce.

Yawan yara yana ƙara wa abin nauyi. Ƙidayar jama'a ta shekarar 2012 ta sami mutum miliyan 3 da dubu 400 a jahar Maraɗi, birnin kansa yana da fiye da mutum dubu 260, kuma tun daga nan ƙaruwa ake yi. Aji mai yara 70 ko 80 a hannun malami guda ba abin mamaki ba ne a unguwanni irin su Zariya da Sabon Gari. Abin da zai ɗauki minti ɗaya a ajin yara 25, kamar rarraba littattafai ko jera layi, yana ɗaukar minti biyar ko shida a irin wannan aji, in ba a tsara shi ba.

Shekarar karatu kuma da ma gajera ce ga yara da yawa. A 2021 hukumomi sun faɗi cewa azuzuwan zana da kara a ƙasar Nijar sun kai kimanin dubu 36. Kowa ya san irin wannan aji ba ya tsayuwa sai an gama girbi an sami karan hatsi, kuma ruwan farko na damina shi ke korar yara daga cikinsa. Ga ranakun da zazzaɓi ke kwantar da yara a ƙarshen damina, ga kwanakin zafin bazara da aji ke zama kamar tanda tun kafin azahar. Yaron ƙauyen Tibiri da bai fara karatu sosai ba sai cikin Nuwamba, ya kuma tashi cikin Mayu ko farkon Yuni, ba shi da mako uku na zubarwa.

Sakamakon gwaje-gwaje ya nuna inda aka kwana. A gwajin PASEC na 2014, wanda aka yi wa yaran ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci, ɗaliban Nijar da ke ƙarshen firamare waɗanda suka kai matakin da ake nema wajen karatu ba su kai ɗaya cikin goma ba. A gwajin 2019 an ci gaba, sun kai wajen uku cikin goma. Ci gaba ne na gaske, ya kamata a yaba wa malaman da suka kawo shi, amma har a lokacin bakwai cikin goma suna baya. Ba wanda zai ce mintocin sauyin darasi ne kaɗai suka jawo haka. Sai dai binciken da Helen Abadzi ta yi wa Bankin Duniya, wanda aka buga a 2007, ya nuna irin ramin da ke tsakanin lokacin da hukuma ta rubuta da lokacin da yaro yake koyo da gaske: a Tunisiya kashi 78 cikin ɗari ne na lokacin ya isa ga yara, a Gana kashi 39. Saura ya tafi wajen rufe makaranta, da fashin malamai, da jira, da tsawatarwa, da neman kayan aiki. Daga cikin waɗannan ɓarakoki, akwai wadda toshe ta sai da kuɗi mai yawa. Ta sauyin darasi kuwa tana hannun malami.

Manoman fadamar Jiratawa za su gane wannan magana tun kafin a ƙare ta. Gonakinsu na rani, kimanin hekta 500 da aka gyara tun farkon shekarun 1980, ruwan rijiyoyin burtsatse suke sha, injin lantarki ke jawo shi, ƙungiyar manoma ke biyan kuɗin wutar. Saboda haka ruwan da ya tsiyaye a tsagar magudana kafin ya kai fangalin zogale ko na tattasai, ruwa ne da aka riga aka biya. Manomin kirki ba ya jiran a haƙa masa sabuwar rijiya kafin ya liƙe tsagar da ke gabansa.

Wani malamin jami'a na Amurka mai suna Jacob Kounin ya yi shekaru yana ɗaukar hoton azuzuwan firamare da na'ura, yana komawa yana kallon abin da ya ɗauka. Ya fara ne da nufin ya gano irin horon da malaman ƙwarai suke yi wa yaro in ya yi laifi. Abin da ya buga cikin littafinsa na 1970 ya ba mutane mamaki: wajen horo, malamin da ajinsa ke natse da wanda ajinsa ke rikice ba su da wani bambanci mai yawa. Bambancin yana ga abin da suke yi tun kafin rikici ya tashi. Mai aji natsattse idonsa yana kan kowane lungu, ba ya barin aiki a rataye ya shiga wani sa'an nan ya komo, ba ya tsai da aji duka saboda ɗan abin da ya faɗo masa a rai, kuma in zai sauya aiki yana sauya shi sumul ba tangarɗa. A 1979 wani mai bincike, Marshall Arlin, ya ƙirga ya ga cewa rashin ji da tashin hankalin yara yana kusan ninkawa a lokacin sauyin darasi. Wato wani sashe na abin da ake kira taurin kan yara, a wannan ɗan tsakani ake haifarsa.

Bahaushe ba sai ya je Amurka ba kafin ya ga yadda ake ratsa wannan tsakani. Kaka da ke zaune tsakar gida da dare, jikoki goma sun kewaye ta suna kokawa, ba ta ɗaga murya. Tana cewa “ga ta nan, ga ta nanku”, sai yara su amsa “ta zo mu ji ta”, nan take kokawa ta mutu, kunnuwa sun buɗe. In ta kai ƙarshe ta ce “ƙurunƙus”, kowa ya san an rufe. Dabara uku ce cikin abin nan ƙarami. Kalmar ba ta sakewa, yau da gobe ita ce dai. Yaro yana da tasa amsar, bakin da ke amsawa kuwa ba ya surutu. Sa'an nan ya san abin da zai biyo baya, yana kuma ɗokinsa. Haka makaɗin gayya yake sauya kiɗa, samari su san an kai ƙarshen kunya a juyo. Haka a makarantar allo addu'ar tashi take shaida wa ƙaramin almajiri cewa karatu ya ƙare, ba sai an kira sunan kowa ba.

Makarantar boko ma tana da irin nata gadon. Malaman da suka fito daga makarantun horo sun san dabarar da ake kira La Martinière, wadda ta samo suna daga wata makaranta ta birnin Liyon a Faransa, inda aka fara aiki da ita cikin ƙarni na 19. Malami ya faɗi tambayar lissafi, yara suna riƙe da alli a sama suna tunani. Ya buga tebur sau ɗaya, kowa ya rubuta. Ya sake bugawa, kowa ya ɗaga allonsa. Cikin ƙiftawar ido ya ga amsar yara 70. Abin lura shi ne, malamin da ya iya wannan a darasin lissafin ka, ya tabbatar da kansa cewa yara ƴan shekara shida suna iya bin ishara guda gaba ɗaya. To don me wannan hikima za ta tsaya ga lissafin ka? In bugu biyu na iya sa allo 70 su tashi sama, ishara makamanciyarta na iya sa su koma cikin jaka.

Sai maganar harshe, wadda ita ce ta fi shafar ƙananan azuzuwa. Yaron Jiratawa ko na Tibiri da aka kawo aji na ɗaya bai taɓa jin Faransanci a gidansu ba. In malama ta ce “rangez les ardoises”, abin da zai yi shi ne ya dubi na kusa da shi, na kusa da shi ma wani yake duba. Umarnin yana bin aji sannu-sannu daga bencin gaba zuwa na baya, kamar ruwa a kan tudu, kafin ya kai ga na ƙarshe na farko ya gaji da jira ya soma wasa. Da ta ce “a mai da allo cikin jaka”, da an gama tun tuni. Akwai malaman da ke ganin faɗin haka da Hausa kamar zubar da darajar lakwal ne. Wannan tunani tsohon yayi ne. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram inda ake fara karatu da Hausa kafin a shiga Faransanci. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa tare da Faransanci. A 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Malamar da ta tsara ajinta da harshen da yara ke ji ba ta saɓa wa kowace doka ba. In tana son su koyi umarnin da Faransanci, hanya a buɗe take: ta faɗe shi da harsunan biyu tare da ishara ta hannu har tsawon ƴan makonni, sa'an nan ta janye Hausar, ishara ta riƙe sauran.

Abin da ake nema ga malami ba shi da yawa, sai dai yana son a yi shi kullum ba fashi. Na farko, kada sauyi ya faɗo wa yara kamar aradu. Yaron da ke tsakiyar rubuta layinsa, aka ce masa ya tsaya yanzu-yanzu, ko dai ya ƙi tsayawa ko ya tsaya da fushi. In aka ce masa “saura layi ɗaya a ajiye alli”, ya sami damar rufe aikinsa da kansa. Babba ma haka yake. Ba mai son a ɗauke masa akushi yana tsakiyar loma.

Sa'an nan ishara ta zama guda, kowane aiki da tasa, kada a sake ta. Ko tafi uku da yara za su amsa da tafi uku, ko kalma da amsarta irin ta tatsuniya, ko ƴar gajeruwar waƙa da aji ya saba da ita, wadda kafin a kai ƙarshenta kowa ya koma wurinsa. Waƙar ƙirga ta fi kowace amfani, don tana cika aiki biyu: ana tattara kaya, ana kuma maimaita ɗaya zuwa ashirin. Amma ishara ba ta aiki sai an koyar da ita kamar yadda ake koyar da baƙi. A nan ne malamai da yawa suke gaggawa. Suna ganin ɓata lokaci ne a kashe rabin awa cikin makon farko ana koya wa yara yadda ake fito da allo, a mai da shi, a sake fitowa da shi, har hannu ya saba. Rabin awan nan shi ke fanso awa ɗarin da aka lissafa a baya. Makonni biyu na farkon shekara, lokacin da littattafai ma sau da yawa ba su iso ba, sun isa a kafa wannan al'ada.

Kayan aiki kuma su riga yara shiri. Rubutun da za a kwafa ya kasance yana bisa tablo tun kafin a shigo, a rufe shi da zane in ana so, don kada malami ya ba aji baya minti biyar. Kowane layi ya sami yaro guda mai rarraba alli da littattafai, a riƙa sauya shi mako-mako, ƴan mata da maza, don kada abin ya zama sarautar manyan yara masu cin zali. In yara takwas suna rarrabawa lokaci guda, aikin minti shida ya koma na minti ɗaya.

Mafi wuyar sauyi duka shi ne komowa daga hutun hantsi. An buga tsohon ƙarfen ƙafar mota da ke rataye a jikin dogon yaro, yara sun sheƙo a guje, jiki duk ƙura, wani bakinsa cike da ƙosai, wani yana kuka an ture shi, biyu suna ci gaba da faɗan da suka faro a fili. In suka shigo suka tarar ba abin yi, filin wasa ne ya biyo su cikin aji. In kuwa suka tsaya layi a bakin ƙofa, suka shiga layi-layi, suka tarar da baƙi uku bisa tablo da kowa zai kwafa a allonsa kafin malami ya yi magana, to hannu ya sami aiki, malami kuma ya sami sukunin share hawayen mai kuka. Shan ruwa da zagayawa a gama su kafin a buga ƙarfe. Wannan kuwa yana nufin a sami randa ko tulu kusa da kowane aji, abin da bai fi ƙarfin iyayen unguwa ba.

Akwai masu cewa duk wannan dogon zance ne, bulala ɗaya ta isa. Gaskiya ne bulala tana kawo shiru da sauri. Amma tun 1981 ofishin ministan ilimi ya fitar da takardar da ta hana dukan yara a makaranta, kuma ko ba don takarda ba, mai bulala ya duba ya gani ko gobe ba sai ya sake ɗaga ta ba. Abin da ake maimaitawa sau takwas kowace rana shekara guda bai gyara komi ba. Ga kuma abin da ba a faɗi: yarinyar da aka daka don allonta ya makale cikin jaka, ita ce wadda za ta ce wa uwarta ba ta son lakwal, uwar kuwa da ma tana neman mai ɗaukar mata faranti. A jahar da ake fama a riƙe ƴan mata a makaranta har su gama, kowace bulala ta banza tana da tsada.

Wasu kuma, musamman cikin malamai, suna cewa ana maganar minti biyar alhali aji ba benci, littafi guda yara huɗu, albashin ɗan kwantaragi kuma bai taka kara ya karya ba, wani lokaci ma sai ya makara. Wannan ƙorafi yana da tushe, kuma nauyinsa yana kan hukuma. Tun ƙarshen shekarun 1990 da aka soma ɗaukar malaman sa-kai, daga baya ƴan kwantaragi, an tura dubban matasa cikin azuzuwa, da yawansu ba tare da cikakken horo ba. Ba laifinsu ba ne in ba wanda ya taɓa nuna musu yadda ake juya aji mai yara 80. Sai dai tsarin sauyin darasi, kafin ya amfani kowa, malamin yake fara amfana. Wanda ke tsawa tun safe har azahar shi ke komawa gida da dusasshiyar murya da ciwon kai, shi ne kuma ke fara neman wani aiki.

Masu tsoron kada a mai da yara sojoji su ma a saurare su, don akwai azuzuwan da tsari ya zama “tashi, zauna, tashi, zauna” har sau goma, da harɗe hannuwa a ƙirji na tsawon lokaci ba dalili. Wannan ma zubar da lokaci ne, an dai yi masa ado. Ma'aunin yana da sauƙi: in ishara ta gajarta jira ta kai yaro ga aiki, tana da amfani. In ita kanta ta zama aikin, a yar da ita.

Akwai kuma dalilin da ya fi karatu nauyi, wanda mutanen Maraɗi ba sa bukatar a tuna musu. Ran 8 ga watan Nuwamba 2021 gobara ta tashi a azuzuwan zana na wata makaranta cikin birnin, yara aƙalla 25 suka rasu, ƴan shekara biyar zuwa shida. Watanni bakwai kafin nan, cikin Afrilu, irin wannan gobara ta ci yara 20 a unguwar Pays-Bas ta Yamai. Bayan ta Maraɗi gwamnati ta hana zaunar da yaran rainon ƙanana cikin azuzuwan zana. Wutar kara ba ta ba kowa lokaci, kuma ba mai hankalin da zai ɗora laifin ranar nan a kan yara ko a kan rashin jera layi. Maganin gobarar zana shi ne ginin bulo. Amma muddin akwai sauran aji ɗaya na kara da yara a ciki, wajibi ne ya kasance yana da mafita fiye da ɗaya, kuma yaran da ke cikinsa sun saba da ishara guda wadda ma'anarta ita ce a bar komi a fita, kowane layi ta ƙofarsa, a taru a gindin itace kaza. Irin wannan sabo ba ya samuwa ranar tashin hankali. Ajin da ke fita hutu cikin tsari sau biyu kowace rana shi ne ya riga ya yi gwajin sau ɗari.

Saura wa zai ɗauki aikin. Makarantar horon malamai ta Bawa Jan Gwarzo da ke Maraɗi ita ce mafari. Ɗalibin malanta yana koyon yadda ake shirya takardar darasi, da manufarsa, da matakansa, kowane darasi a keɓe kamar shi kaɗai ne a duniya. Ya kamata takardar ta sami layi guda a ƙasa: yaya za a fita daga wannan darasi a shiga na gaba, da wace ishara, cikin minti nawa. In ya je gwajin koyarwa, a bar shi ya yi darasi biyu a jere, mai duba shi ya kalli agogo a tsakaninsu. Hukumar INDRAP, wadda tun 1974 take shirya littattafan jagorar malamai, tana iya tattara isharori da gajerun waƙoƙin da tsofaffin malamai suka ƙago da Hausa da sauran harsunan ƙasa, kafin masu su su yi ritaya su tafi da su.

Sufetoci da masu ba malamai shawara su ma su sake lokacin shigarsu aji. Al'ada ita ce baƙo ya shigo bayan an natsu, ya kalli darasi guda da aka shirya dominsa, ya rubuta maki ya fita. Da zai iso minti biyar kafin a buga ƙarfen komowa daga hutu, ya tsaya a bakin ƙofa, da ya ga abin da takardar darasi ba ta nunawa. A tarukan ƙara wa juna sani da malaman yanki suke yi, zama guda a shekara bisa wannan batu bai yi yawa ba, a sa malamar da ajinta ya fi natsuwa ta nuna wa saura da yaranta, ba da dogon jawabi ba.

Iyaye kuma suna da ƙofar shiga, tun da aka kafa kwamitocin kula da makarantu, wato COGES, a ko'ina cikin ƙasa daga 2005. Wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci ya iya duba agogo, ya iya rubuta lamba. Da izinin daraktan makaranta, wakilin kwamiti yana iya zama a bayan aji safiya guda, ya rubuta ƙarfe nawa aka buga ƙarfe, ƙarfe nawa aka fara darasi, ya miƙa wa malamin takardar su duba tare, ba don a kai ƙararsa ba. In aka ga alli ne ke jawo jinkiri, kwamiti ya sayi kwali biyu ya ajiye. In ruwa ne, ƙungiyar iyaye mata ta kawo randa. In jakar yara ce babu, tela ɗaya na unguwa yana ɗinka talatin daga buhunan shinkafa cikin yini biyu.